Fyaɗen saurayi: darasin da ya rage a lise da jami'a

Kowace shekara, in damina ta ɗauke aka shiga watan Oktoba, motocin kasuwa da ke fitowa daga Cadakori, da Agye, da Gazawa sukan ɗauko wani kaya wanda ya fi buhun gero da na aya daraja, wato ƴan mata ɗalibai, kowace da akwatinta da ɗan guzurinta. Wasu za su sauka Gidan Runji ko Maraɗi domin lise, wasu kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a Maraɗi a 2010, wasu har Yamai. Iyaye sun ja musu kunne a kan ɓarayin tasha, da tafiyar dare, da baƙon da ba a san asalinsa ba. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa wanda ke keta mutuncin ɗaliba sananne ne gare ta: saurayin da ke zuwa zance, ko abokin karatu, ko ɗan gidan da aka sauke ta. A wasu ƙasashe an yi shekara 40 ana neman hanyar canza tunanin ɗalibai dangance da wannan lamari. Me aka gano, kuma me zai amfane mu a ciki?

Laifin da ba a kiran sunansa

Ɗaya daga cikin waɗanda suka auna girman abin a jami'o'i wata malama ce a Amurka, Mary Koss. A binciken da ta fitar a 1987 ta yi wa ɗalibai 6159 tambayoyi a manyan makarantu 32. Dabararta ita ce ba ta tambayi yarinya ko an yi mata fyaɗe ba. Ta tambaye ta ko wani ya taɓa danne ta, ko ya tsorata ta, har ya sadu da ita ba da sonta ba. Kimanin kashi 15 cikin 100 na matan suka ba da amsar da ta yi daidai da abin da doka ke kira fyaɗe. A cikin waɗanda abin ya shafa, kashi 84 cikin 100 sun san wanda ya yi musu, kuma fiye da rabi a wurin hira da saurayi abin ya faru. Amma abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, kashi 27 cikin 100 kaɗai suka kira abin da sunan fyaɗe. Sauran sun ɗauke shi rashin fahimta, ko ƙaddara, ko laifin kansu.

Waɗannan alƙaluma na Amurka ne, kuma ba wanda zai ɗauko su ya aza wa jahar Maraɗi. Sai dai duk wanda ya san yadda muke zaune zai gane cewa dalilan yin shiru sun fi yawa a wurinmu. Yarinyar da ta yi magana ta san abin da ke jiran ta. Za a fara da tambayar ta me ya kai ta ɗakinsa. Manema aurenta za su janye, na ƙannenta ma haka. Uba zai ce boko ne ya jawo, ya cire ta daga makaranta, ya aurar da ita kafin zance ya bazu. A ƙasar da binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18, jahar Maraɗi kuma ta kai kashi 89, ɗiyar da ta kai lise ta riga ta tsallake rijiya da baya. Tana sane da haka, shi ya sa take haɗiye abin da ya same ta domin kada karatun ya suɓuce. Shirunta kuwa shi ne garkuwar mai laifi, domin gobe zai koma ya yi wa wata.

Ƙarairayi huɗu da ke yawo a fada

Masana sun lura cewa abin da ke ƙarfafa gwiwar saurayi shi ne waɗansu maganganu da kowa ke maimaitawa har suka zama kamar gaskiya. Tun 1980 wata mai bincike, Martha Burt, ta tsara ma'aunin da ake gane yawan yardar mutum da irin waɗannan ƙarairayi. Kowace al'umma da nata. Ga namu, kamar yadda ake jin su a fada ana shan shayi.

Ta farko, wai a'ar budurwa i ce, kunya ce kawai ke sa ta ƙi. Gaskiya ne tarbiyyarmu ta koya wa ɗiya mace kara da jan aji, amma saurayin da ya mai da wannan hujja ya toshe wa yarinya duk wata ƙofa ke nan: in ta ce i, ta yarda, in ta ce a'a, nan ma ta yarda. Wasu har sukan jawo hukuncin da malamai ke karantarwa cewa shirun budurwa izininta ne. Wannan hukunci kuwa na ɗaurin aure ne, lokacin da waliyyi ke neman yardarta a kan miji, ba shi da wata dangantaka da ɗakin saurayi.

Ta biyu, wai wanda ya kashe kuɗi yana da haƙƙi. Toshi da kuɗin zance al'ada ce ta neman aure, alamar so ce da girmamawa. Yanzu an ƙara da salula, da kuɗin kati, da na kabu-kabu, da na buga takardun darasi. Ɗalibar da bursu ya yi wata da watanni bai fito ba, gida kuma ba a aiko da kome ba, in ta karɓi taimako sai a rubuta mata shi bashi, ranar biya kuwa ba da kuɗi za a nema ba. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa cinikin da ba a faɗi farashinsa ba tun farko, aka kuma karɓi kaya da ƙarfi, sunansa ƙwace.

Ta uku, wai wadda ta shiga ɗakin namiji da ƙafarta ta san abin da ta je yi. Ɗalibai suna shiga ɗakunan juna domin aron littafi, da bitar darasi, da gaida marar lafiya. Ko da ma ta yi wauta, wautar wanda ya bar ƙofarsa buɗe ba ta wanke ɓarawo.

Ta huɗu, wai ai zai aure ta. Da wannan ake rufe yawancin shari'o'in tun ba su kai gaban alƙali ba. A taru a zauren mai gari, a ba da haƙuri, a biya wani abu, wani lokaci ma a ɗaura wa yarinya aure da wanda ya cuce ta, a ce an rufa asiri. Asirin da aka rufa kuwa na namijin ne.

Doka da addini sun yi magana

Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi sun san cewa gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka na Nijar ranar 13 ga Yuni 2003 ya bayyana fyaɗe da cewa duk wata saduwa ce da aka yi da mutum ta hanyar ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko shammata. Bai ware saurayi ba, bai ware wanda ya kai kuɗin gaisuwa ba. Ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20, in kuma yaron bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Gyaran nan ne kuma ya shigo da laifin matsa wa mutum da neman lalata, da ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100, hukuncin kuma ya ƙaru in mai laifin yana da iko a kan wanda ya matsa wa, kamar malami a kan ɗaliba. Daga baya, ranar 5 ga Disamba 2017, gwamnati ta fitar da wata doka ta musamman domin kariya da tallafa wa ɗiya mace da ke cikin karatu.

Ta fannin addini ma ba a bar mu cikin duhu ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar da aka tilasta ba ta da haddi a kanta, hukunci yana kan wanda ya tilasta ta, kuma sai ya biya ta sadakin irinta. Imamu Malik ya kawo wannan a cikin Muwaɗɗa, tare da hukuncin da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yanke a kan haka. Wa'azin da ke hana keɓewar saurayi da budurwa yana nan daram, kuma rigakafi ne babba. Amma wa'azin da ya tsaya a kan tufafin yarinya kaɗai, bai juya ya gaya wa saurayi cewa tilastawa zalunci ne ba, ya bar rabin hukunci a cikin littafi.

Laccar awa ɗaya ba ta isa ba

Bayan binciken Koss, da kuma dokar da majalisar Amurka ta yi a 1990 wadda ta tilasta wa jami'o'i bayyana laifukan da ake aikatawa a harabarsu, sai tsare-tsaren waye kai suka yi yawa. Mafi yawansu iri ɗaya ne: a tara sababbin ɗalibai a babban zaure, a nuna musu fim, a yi lacca, a raba takardar tambayoyi. Da an fito sai amsoshi su nuna tunani ya canza. Bayan ƴan watanni in aka sake tambaya, sai a tarar an koma gidan jiya.

A 2014 masu bincike na hukumar kula da cututtuka ta Amurka, a ƙarƙashin Sarah DeGue, suka tattara nazari 140 da aka yi a kan irin waɗannan tsare-tsare. Guda 3 kacal suka samu da hujja mai ƙarfi cewa sun rage aikata laifin kansa. Ɗaya kuɗin da gwamnati ta zuba ne albarkacin wata doka ta 1994. Sauran biyun kuwa ba a jami'a aka yi su ba, a makarantun yara masu tasowa ne, masu shekarun ƴan kolej ɗinmu. Ɗaya darasi 10 ne a kan zaman saurayi da budurwa. Ɗayan, a birnin New York, an sa yara da kansu su zana taswirar makaranta su nuna wuraren da suke jin tsoro, aka ƙara masu sa ido a wurin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya jira sai yaro ya sami bak kafin ya yi masa wannan magana ya makara.

A jami'a ma an sami abin da ya yi aiki. Wata malama a Kanada, Charlene Senn, ta gwada tsarinta da ɗalibai mata 893 ƴan shekarar farko a jami'o'i 3, ta fitar da sakamako a 2015. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su takardun bayani kawai, rabi kuma aka yi musu horo na awa 12 a zama 4: yadda za a gane alamun haɗari daga namijin da aka sani, yadda za a kawar da nauyin baki da jin kunyar ɓata masa rai, yadda za a ɗaga murya a kuma kare kai da hannu da ƙafa, da yadda mace za ta san abin da take so da wanda ba ta so. Bayan shekara guda, kashi 9,8 cikin 100 na masu takarda aka yi wa fyaɗe, masu horo kuwa kashi 5,2. Kusan rabi ke nan aka rage. Malamar ta sha nanata cewa koya wa mace kare kanta bai mai da laifin kanta ba.

Hanya ta uku ita ce ta ɗan kallo. Masu wannan tsari sun lura cewa samari kaɗan ne ke aikata laifin, amma da yawa suna gani su kau da kai. Maimakon a tara maza a yi musu kallon masu laifi, abin da ke sa su toshe kunne, sai a ɗauke su abokan aiki. A zaɓi waɗanda ake jin maganarsu a cikin ɗalibai, a koya musu abu uku: su yi magana kai tsaye, ko su kira wani mai iko, ko su ɓata shirin da dabara, kamar a ce wa yarinya ana neman ta a gida. An gwada tsarin da ake kira Green Dot a makarantun sakandare 26 na jahar Kentucky, sakamakon da aka fitar a 2017 kuma ya nuna cin zarafi ya ragu a makarantun da suka bi shi, amma sai da aka ɗauki shekaru ana yi kafin a ga amfanin.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar masu kuɗi. A unguwannin talakawa na Nairobi, a Kenya, ƙungiyar Ujamaa ta koyar da ƴan mata a makarantu darasi 6 na awa bibbiyu, masu bincike na jami'ar Stanford kuma suka auna suka ga fyaɗe ya ragu ƙwarai. Da ƴan matan suka bayyana cewa da yawa daga masu yi musu samarinsu ne, sai aka buɗe wa yara maza nasu darasin. An kai tsarin har Malawi. Masu koyarwar matasan unguwa ne, kayan aikin kuwa allo da fili.

Gemun maƙwabci ya kama wuta

A Najeriya sai da abin ya fashe kafin a motsa. A Disamba 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ile-Ife shekara 2 saboda neman lalata da ɗaliba a bakin maki. A Fabrairu 2019 ƴan matan Arewa suka fara ba da labarin abin da ya same su a intanet da sunan ArewaMeToo, da yawansu kuma samari da na gida suka ambata. A Oktoba 2019 gidan rediyon BBC ya fitar da fim ɗin da aka ɗauka a ɓoye a jami'ar Legas da jami'ar Gana. A Yuni 2020, bayan kisan wata ɗaliba a birnin Benin, gwamnonin ƙasar suka yi shelar dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar ƴan awoyi ce, harshe ɗaya, al'ada ɗaya, fina-finai ɗaya, salula ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muke da shi a gida

Ba daga kome za mu fara ba. A jahar Maraɗi ne aka haifi tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke taruwa kowane mako suna zuba asusu, kuma yanzu an kwaikwaye shi a ƙasashe da dama. A jahar Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008 da taimakon UNFPA, inda magidantan kirki ke jan hankalin ƴan'uwansu a kan lafiyar iyali. A 2013 aka soma tsarin Illimin domin ƴan mata masu tasowa, daga baya kuma aka kafa ƙungiyoyin mazajen gobe domin samari. Daga 2019 zuwa 2023 Maraɗi na cikin jahohi 4 da aka gudanar da tsarin Spotlight na kokowa da cin zarafin mata. Duk waɗannan sun tsaya a kan abin da masu binciken waje suka tarar daga baya: taro ƙarami, zama a kai a kai, da mai koyarwa daga cikin jama'a.

Abin da ya rage shi ne a shigar da wannan dabara cikin kolej, da lise, da jami'a, da maganar fyaɗen saurayi a fili. Fada tana nan a kowace kusurwa, kowace da shugabanta. Ƙungiyar USN, wadda aka kafa tun 1960, tana da reshe a makarantun ƙasar nan, kuma ta nuna a 1990 cewa in ta tashi ƙasa na girgiza. Ƙungiyar da ke iya fitar da ɗalibai kan titi saboda bursu tana iya gaya wa ƴaƴanta cewa mutuncin abokiyar karatu amana ne. Horon shugabannin aji, da na fada, da limaman masallatan ɗalibai ba zai ci kuɗin taron bita guda a otal ba. Sai dai a kiyaye abu biyu. A yi shi da Hausa, da kalmomin da samari ke faɗi da bakinsu, domin laccar Faransanci daga bakin baƙo ba ta wuce ƙofar zaure. A kuma auna shi bayan shekara, a tambayi ƴan mata a asirce ko abin ya ragu, kada a tsaya ga ƙidayar waɗanda suka halarci taro.

Nauyin da ke kan iyaye da magabata

Ya kai alhajin da ke tura ɗiyarka birni, ka je da kanka ka ga gidan da za ta sauka, ka san inda za ta kwana da waɗanda ke shiga gidan. Ka riƙa aika mata da abin kashewa a kan lokaci, ko kaɗan ne, domin yunwa ce ke sa a karɓi kyautar da ke da ƙugiya. Ka kuma gaya mata, ko ka sa uwarta ta gaya mata, cewa in wani abu ya same ta gida ne farkon wurin zuwa, kuma ba za a cire ta daga makaranta ba. Ɗanka namiji ma ka zaunar da shi, domin kowane mai laifi ɗan wani ne.

In abin ya riga ya faru, a san cewa lokaci na da daraja. A kai yarinya gidan likita cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin rigakafin ciwon sida ke aiki. Kada ta wanke tufafin da ke jikinta, a nemi takardar shaidar likita, a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, an kafa hukumar ANAJJ a 2011 domin taimaka wa irinsa, ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar ma tana ba da shawara.

Ku kuma shugabannin makarantu, da masu gari, da sarakuna, sasanci yana da wurinsa a rikicin gona da na bashi. Wannan laifi ne babba, kuma duk wanda aka kashe a zaure, uba goma ne a Cadakori da kewaye za su ji labari su ce ɗiyarsu ba za ta wuce firamare ba. Ƙasar nan kuwa tana bukatar ungozomomi, da malamai mata, da likitoci mata, waɗanda mu da kanmu muke nema in matanmu ba su da lafiya. Ba za a same su ba sai hanyar makaranta ta zama amintacciya. Allah ya kare mana zuri'a, ya ba magabata ikon tsayawa a kan gaskiya.